Ƙararrawar Gidan Ranau

Ba mu da ƙararrawa irin ta birni.
Ƙarfen tayar wata tsohuwar roka ce
da ta mutu a hanyar Kafur tun ban san dama da hagu ba,
aka rataye shi a reshen marke.
Ran Lahadi Fasto Nehemiya ya kan doka shi sau bakwai
da guntun bakin garma,
zabin Baba Jatau su watse suna zaginsa.

Majami'ar Metodis, haka allon ya ce da fari.
Ruwa ya lashe Meto, ya bar mana dis,
kuma allon bai yi ƙarya ba:
da damina rufin ɗis-ɗis yake yi,
kowace mace da kwanonta a gindin bencin ƙasa,
muna waƙa, kwanuka na amshi.

Shi kuwa, Allah bai ba shi murya ba.
In ya ɗaga waƙa sai mu bi shi a hankali
kamar masu kora akuya daga gonar wake.
Wa'azinsa ba ya sanin hanyar gida
sai Mama Rifkatu ta yi tari sau biyu,
ya dubi agogon da ya tsaya tun bara,
ya ce, "To, lokaci ya yi."

Ni ne yaron nan mai i'ina,
wanda sunansa ma ke maƙale masa a wuya.
A ƙarƙashin marken ya share ƙasa da tafin hannu,
ya zana mini baƙaƙe da karan dawa.
Wata Lahadi, ba shawara, ya miƙo mini Zabura.
Na tsaya a kan "Ubangiji"
kamar jaki a bakin rafi.
Wani ya yi dariya a baya.
Bai karɓe littafin ba. Bai ƙarasa mini ba.
Ya harɗe hannu ya jira,
har jama'a suka koyi jira tare da shi.
Da muka fito ya ce,
"Musa ma bakinsa da nauyi, Anaruwa,
amma shi aka aika fada."

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe,
ya buɗe rumbun baiko,
yana awo da tiya, ba ya shafe kanta,
ba ya tambayar ina kake fuskanta in za ka yi addu'a.
Da iska ta yaye mana kwano bayan shekara biyu
Liman Sha'aibu ne ya zo da tsani da samari shida.
Ba wanda ya yi jawabi.
Kusa kawai aka buga, aka sha fura.

Jibin Ubangiji da gurasa ne da zoɓo
a kofin silba ɗaya mai lanƙwasasshen baki.
Har yau in na sha zoɓo a tasha
sai na ji ya kamata in sunkuyar da kai.

Ranar da muka kai shi, kekensa mai feda ɗaya
na jingine a bango kamar zai fito.
Liman ya tsaya nesa kaɗan, hula a hannu,
bai tafi ba sai da aka gama tura ƙasa.

Yanzu a asibitin Katsina nake,
ni ke kiran sunayen masu jiran likita,
da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.
In tsoho ya rasa bakin faɗin abin da ke damunsa
ina ajiye biro.

Bara na je gida.
An yi ginin bulo, an sa lasifika, allon ya cika suna.
Ƙarfen na bayan ɗakin ajiya, kaji na shan ruwa a ciki.
Na zubar, na ɗaga shi da hannu ɗaya,
na doka da dutse.
Bai manta ba.
Can cikin dawa, zabi suka amsa.